Daga Kano zuwa Abuja da iyali: inda kuɗin tashi yake tafiya

Duk wanda ya ji an yi wa mutum canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, da ya gama cewa Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, abin da zai tambaya shi ne nawa motar kaya za ta ci. Tambayar ba laifi, amma ita ce ƙarama a cikin lissafin. Mun yi wannan tashin a 2024, lokacin da aka mayar da maigida hedikwatar ma'aikatarsu, kuma ni na riƙe littafin kuɗi tun ranar da takarda ta fito har muka kwana a sabon gida. Da na haɗa komai, mota da 'yan dako da kafinta ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya fita daga hannunmu ba. Gidan da za a sauka shi ya lashe mafi yawa, kuma kuɗinsa sai an biya su cif kafin a ɗaga ko cokali daga tsohon gida.

Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati a da suna ba mu labarin kwatas: a canja wa mutum gari, ya je ya tarar da gida yana jiransa. Wannan zamani ya wuce. A 2003, lokacin mulkin Obasanjo, aka mayar da alawus ɗin gida kuɗi a cikin albashi, daga 2005 kuma aka shiga sayar da gidajen gwamnati na Abuja. Yau ma'aikaci shi zai nemo wa iyalinsa matsuguni, a kasuwa ɗaya da 'yan siyasa da 'yan kwangila.

Haya a Kano da haya a Abuja suna kawai suka haɗa. Gidan da muka bari, mai shi dattijo ne da suke sallah masallaci ɗaya da maigida. In shekara ta zagayo babu kuɗi a hannu, a kai masa rabi, a ce sauran sai ƙarshen wata, ya ce babu komai. A Abuja galibi ba za ka ma ga mai gidan ba. Dillali za ka gani, shi ma sai ka biya shi kuɗin kai ka ganin gida, ko gidan ya yi maka ko bai yi ba. In ya yi, a lissafo maka hayar shekara guda a dunƙule, wasu ma shekara biyu suke nema. A ɗora la'adar dillali, wadda aka saba kashi 10 cikin 100, da kuɗin lauyan da zai rubuta yarjejeniya, kashi 5 ko 10, da kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda ake cewa za a mayar maka ranar da ka tashi. In cikin rukunin gidaje ne mai ƙofa da maigadi, ga kuɗin gadi da kwasar shara. A ce an yi maka ɗaki biyu da falo a kan naira 1,500,000. Dillali ya ɗauki 150,000, lauya 150,000, ajiya 100,000. Tun ba ka rataya labule ba ka kai 1,900,000. Misali na buga, farashi yana canjawa daga unguwa zuwa unguwa, amma fasalin lissafin haka yake. Duk kuɗin da dillali ya faɗa maka a waya, ƙara masa rubu'i kafin ka rubuta.

Maganar unguwa ita ta fi ɗaukar mu muhawara ni da maigida. Ƙaramin ma'aikaci ba ya zancen Maitama ko Asokoro, ko Gwarimpa ma sai mai ƙarfi. Zaɓin yana tsakanin Kubwa da Dutsen Alhaji da Dei-Dei ta ɓangaren Zuba, Lugbe ta hanyar filin jirgin sama, Karu da Nyanya ta hanyar Keffi, sai waɗanda suka fita daga Abuja gaba ɗaya, Mararraba da Masaka a jihar Nasarawa, Madalla da Suleja a jihar Neja. Iya nisanka da tsakiyar gari, iya sauƙin haya. Abokan aikinsa da dama sun ba shi shawarar Mararraba, kuma gaskiya bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. Sai dai sauƙin haya a Abuja bashi ne, a tasha ake biyansa safe da yamma. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, kuɗin motar haya kuma ya bi ta. Ma'aikaci yana fita wajen kwana 22 a wata. In nisa ya ƙara masa naira 2,000 a rana, a shekara ya biya naira 528,000, ban da cunkoson hanyar Nyanya da ke fitar da mutum daga gida kafin gari ya waye, ya dawo da shi bayan Isha. Haya da kuɗin motar shekara a haɗe ake lissafa su, sannan a gwada unguwa da unguwa.

Mu Kubwa muka zaɓa. Tana kan hanyar da ta fito daga Zuba, duk mai zuwa daga Kano zai same mu ba tare da ya ratsa cikin gari ba. Akwai tashar jirgin ƙasa, akwai masallatai da Islamiyyu, ga Hausawa da yawa.

Na dage sai na je na ga gidan da idona kafin a biya, duk da zuwan nawa kuɗi ne, kuma ina ba kowace mace shawara ta dage. Namiji in ya shiga gida falo yake kallo, da inda zai ajiye abin hawa. Ni kicin na fara shiga. Na murɗa famfo na ga ko ruwa na hawa, na tambayi wa ke kunna injin rijiyar burtsatse, wa ke biyan gyaransa. Na duba inda zan yi shanya, ko maza na ratsawa ta wurin, domin gidajen can babu soro babu tsakar gida irin namu, ƙofa ce kawai tsakaninki da maƙwabci. Da damina ne, a gidan da maigida ya fi so na tarar bangon ɗakin yara ya yi jirwaye daga ƙasa har kusan gwiwa, fenti ya kumbura, da na danna da yatsa ya ɓurme. Muka bar shi muka ɗauki wani a bene. Daminar Abuja tana kamawa tun wajen Afrilu ta kai Oktoba, ta fi ta Kano tsawo da yawan ruwa. In da rani aka je dubawa, a tambayi maƙwabta yadda layin yake kasancewa a Agusta.

Wuta ma a bincika. Kafin a biya haya a karɓi lambar mita a sayi kati na ɗan kuɗi kaɗan; in wanda ya tashi ya bar bashi, za a ga an zaftare. A kuma tambayi layin wutar da unguwar take kai. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu Band A, waɗanda aka ware wa awa 20 ko fiye a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Gida biyu masu haya ɗaya, kuɗin wutar wannan zai iya ninka na wancan sau uku.

Abu na biyu da ya ci kuɗi ba shi da rasit. Takardar canji ba ta jiran iyali su shirya. An ba maigida ranar kama aiki, ya tafi ya sauka wurin wani abokinsa, mu muna Kano. Daga ranar aka koma ɗora tukunya biyu da albashi ɗaya. Shi yana sayen abinci a waje, yana zuwa mana ƙarshen mako in hali ya yi, mu kuma cefanenmu bai ragu ba. Duk watan da aka ƙara a haka ana gutsurar abin da ake tarawa na haya. Gaggawa ma da tata tsadar, domin cire yaro tsakiyar zango asarar kuɗin makarantar da aka biya ce, a can kuma a sake biyan cikakke. Abin da muka yi ta ƙoƙarin haɗawa wuri ɗaya shi ne ƙarewar hayarmu ta Kano, da ƙarewar zango na uku na yara, da cikar kuɗin sabon gida. Dogon hutun Agusta shi ya fi dacewa da masu 'yan makaranta, tunda a Satumba sabuwar shekarar karatu take farawa, sai dai shi ne tsakiyar damina. Mun sanar da mai gidanmu da wuri, ya yarda muka biya ɗan abin da ya rage wata-wata maimakon sabunta shekara.

Dokar aikin gwamnatin tarayya ta tanadi alawus na kwana 28 na farko ga ma'aikacin da aka canja wa gari, a madadin masauki. Haƙƙinsa ne, ya cike takarda ya nema. Amma ban sa shi cikin kuɗin da za mu tashi da su ba, domin dillali da direba ba sa jiran takarda ta gama zagaya ofisoshi. Abin da ke hannu kawai na rubuta: ajiyarmu, kwasar adashina, da rancen ƙungiyar taimakon kai da kai ta wurin aikinsu, wanda ake cirewa a albashi. Rancen nan a yi masa a hankali. Albashin da za a zaftare shi ne za a rayu da shi a garin da ya fi tsada.

Sai kayan ɗaki, inda maganar ta wuce ta lissafi zalla. Masu ba da shawara, yawancinsu maza, sukan ce a sayar da komai a je can a sayi sabo. Amma a gidan Bahaushe gado da katifa da sif da kujeru da kayan kicin na matar ne. Iyayenta suka yi mata, wani uban gona ya sayar, wata uwar shekaru ta yi tana zubi. Ba daidai ba ne miji ya sa su cikin abin da za a sayar a cike kuɗin haya ba tare da ta furta da bakinta ba, kuma ba furucin kunya ba. In ta yarda ta bayar, a faɗa a fili ko kyauta ce ko rance. Na san gidajen da aka yi shekaru ana jin ɗacin wannan magana, bayan hayar da aka biya da kuɗin ta daɗe da ƙarewa.

Ko ta fuskar kuɗi ma sayarwar ba ta cika riba ba. Dillaliya in ta ji tashi za ki yi ta san ba ki da lokaci, saitin kujerun da aka saya da tsada za ta taya shi da abin da ba zai saya miki rabinsa ba a Abuja. Abin da na yi, na tafi da tef ɗin ɗinkina ranar ganin gida, na auna ɗakuna da faɗin ƙofofi da kwanar matakala, na rubuta. Da na dawo na bi kayana ɗaya bayan ɗaya. Gado zai shiga. Kujeru za su shiga in an rage biyu. Sif ɗina mai ƙofa shida ba zai hau matakalar ba, ko ya hau babu bangon da zai ɗauke shi.

Na je gida na gaya wa Umma.

"Umma, sif ɗin nan ba shi da wuri a can. Na ce ko a kira dillaliya."

Ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta ce, "Kayan da mahaifinku ya yi miki ba sa zuwa hannun dillaliya ina raye. A kawo nan. Ga 'yar marigayi kawunku za a yi bikinta da kaka, ba ta da mai yi mata."

Haka aka yi. Sif da madubi da kujeru biyu suka tafi ɗakin amarya, mota ta ragu da kaya, ban samu ko kwabo ba, kuma ban taɓa jin na yi asara ba.

Kayan katakon yanzu, waɗanda ake yi da matsattsen garin katako, ba sa son kwancewa da ɗaurawa, ramin sukuru yana buɗewa, ruwa in ya taɓa su sai su kumbura. Kafintan da ya kwance mana ya rubuta lamba a bayan kowane falle, ya ƙulle sukurorin kowane gado a leda ya manna a jikinsa, shi ya sa wanda ya ɗaura a Kubwa bai sha wahala ba, bai kuma tsawwala ba. Kwalaye na samo wurin masu shaguna a Singa, jakunkunan bakko da igiya a Ƙofar Wambai. Tangaran da kofuna na naɗe su cikin tsofaffin zannuwa, na cusa cikin manyan tukwane da kuloli, na ɗaure murafe. An kashe firiji tun ana gobe tafiya, an ɗauke shi a tsaye. An zuƙe man janareta. Tukunyar gas na yi ta girki da ita har ta ƙare. Turmi da taɓarya na ɗauka duk da an ce maƙwabtan ƙasa ba za su yarda da daka a bene ba. Saukowa nake da shi in yi dakana da hantsi. Takardun makaranta da katin rigakafin yara da ɗan gwal ɗina kuwa a jakar hannuna suka yi tafiya.

Cinikin mota yayana ya yi mana. Bai tsayar da kowa a titi ba, tasha ya je, shugabannin 'yan ƙungiya suka haɗa shi da direban motar kaya, irin wadda ake kira kanta, wanda suka san har gidansa. Akwai la'adar ɗan kamasho a ciki, amma ita ce ke sa in wani abu ya faru kana da wanda za ka riƙe. Direban ya zo har gida, ya zagaya ɗakuna, ya ɗaga katifa, ya ƙwanƙwasa firiji, ya ce, "Hajiya, in za a kwance gadajen nan, kanta ɗaya ta ɗauke, har da sauran wuri." Kuɗin da ya yanka na zuwa da dawowa ne, domin kaya daga Kano suke gangarawa Abuja, ba lallai ya samu lodin da zai dawo da shi ba, man gas kuma a kansa yake. Yaya ya sa aka fayyace komai a gaban shugaban tasha: wa zai biya 'yan dakon lodi, wa zai biya na saukewa, tamfol nasa ne kuma babu huda, takardun mota sun cika tunda za ta ratsa Kano da Kaduna da Neja kafin ta shiga Abuja, kuma ba za a ƙara kayan wani ko fasinja a hanya ba. Aka ba shi rabi, rabi sai kaya sun sauka. 'Yan dako kuwa a yi jinga da su a kan aikin gaba ɗaya tun kafin su taɓa komai, a gaya musu bene ne. In sai mota ta tsaya a ƙofar gida, magariba na kawo kai, sannan aka fara ciniki, abin da suka ce shi za a biya.

Tafiyar kilomita 400 ce da wani abu. An yi lodi da yamma, mota ta tashi bayan sallar Asuba da ƙanin maigida a gaba kusa da direba. Abincinsa da kuɗin motar komawarsa su ma suna cikin littafi. Daga Kano ta Kwanar Ɗangora da Zariya da Jaji zuwa Kaduna hanya ta yi kyau a lokacin. Daga Kaduna ta Rijana da Katari da Jere da Tafa zuwa Zuba ne ramuka suke a lokacin, ga wuraren da aka haɗe motoci a hannu ɗaya, kuma yanki ne da ya yi ƙaurin suna wajen garkuwa da mutane. Ba a barin dare ya riski mota a nan. Ni da yara mun shiga mota zuwa Kaduna, muka hau jirgin ƙasa daga Rigasa muka sauka a Kubwa. An buɗe layin a Yulin 2016, an dakatar da shi bayan harin 28 ga Maris 2022, ya dawo aiki a Disambar shekarar. Ta intanet ake sayen tikiti, da lambar katin ɗan ƙasa, kuma yana ƙarewa da wuri. Da ƙananan yara, samun banɗaki da wurin miƙe ƙafa ya cancanci ƙarin kuɗin.

Sauran wurin da direba ya ce akwai a mota, abinci na zuba a ciki, kuma a duk shawarar da na yanke wannan ta fi dawo mana da kuɗinta. An riga an biya mota, 'yan buhuna ba sa ƙara mata komai. Daga Dawanau aka auno mana masara da gero da wake, daga Singa taliya da sukari da sabulu, Umma ta haɗa kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da man gyaɗa. Da yawan hatsin da ake sayarwa a kasuwannin Abuja daga can gida aka kawo shi, da kuɗin mota da ribar hannu biyu ko uku a kansa. Abin lura shi ne danshin garin. Wake in an bar shi a buhu ƙwari za su cinye. A busar da shi sosai, a ɗura a jarka, a toshe bakin da leda a murɗe murfi yadda iska ba za ta shiga ba. Garin tuwo kada a niƙa da yawa. Watannin farko da aljihu ya bushe, cefanenmu bai wuce kayan miya da nama ba.

Ba a barin unguwar da aka yi shekaru a ciki a sulale, kuma sallama ma kuɗi take ci. An biya bashin mai shago da kuɗin wutar tsohon gida. Adashi na riga na kwasa, na zauna da uwar adashi muka tsara yadda zan ci gaba da turo zubi ta waya har zagaye ya ƙare. Almajirin da ya daɗe yana yi mana aike da wanke-wanke, tashinmu na nufin kwanonsa na dare ya rasa gida. Na ɗinka masa kaya, na haɗa shi da maƙwabciyata. Sai zagayen dangi gida-gida a adaidaita sahu, da ɗan abin hannu na tsofaffi, ana neman gafara ana karɓar addu'a. Kowanne ƙarami ne, da na tara su sun yi kuɗin 'yan dako.

Bayan kaya sun sauka wani kashe kuɗin ya fara. Tagogin sabon gida ba girman na tsohon ba ne, labule sai an ƙara ko an rage. Ga sababbin makullai, ragar sauro, cika tukunyar gas, mai ɗaura fanka. Makarantar yara ita ce babba, domin sabon ɗalibi yana biyan kuɗin fom da rajista da yunifom da littattafai a kan kuɗin zango, Islamiyya ma da nata. A karɓo sakamakon jarrabawa da takardar barin makaranta tun ana Kano. Wanda ke cikin inshorar lafiya ta ma'aikata ya nemi a canja masa asibiti, kada sai yaro ya kwana da zazzaɓi a tarar sunansa yana can Kano. Na ware wani abu na ko-ta-kwana a ƙasan shafi, kuma ƙananan abubuwan nan suka cinye shi tas.

Ni mai ɗinki ce. A Kano in Sallah ta gabato har mayar da ɗinki nake, kuma kuɗin keken nan ne ke sayen kayan miya da sabulu da kuɗin taran yara ba tare da an taɓa albashi ba. Keken ya iso Kubwa lafiya, masu kawo ɗinki suna Kano. A littafi na rubuta sifili a gaban abin da zan samu har na rabin shekara, kuma kusan haka abin ya kasance, sai da na shiga Islamiyyar matan aure aka san ni. Duk gidan da mace ke da sana'a, ko ƙuli-ƙuli take yi ko kitso, a ɗauka cinikinta zai tsaya na wani lokaci, a tanadi abin da zai toshe gurbin. Maza da yawa ba su san nawa sana'ar matansu take ɗauke musu ba sai ranar da ta tsaya.

Abu biyu ne lissafinsu bai rufe ba har yau. Ɗaya zuwa gida. Wanda iyayensa ke Kano ba zai ce ba shi da kuɗin mota ba in an yi rasuwa, ko suna, ko bikin ƙanwa, ga Sallah biyu da kuɗin mota ke tashi a cikinsu. Duk ƙarshen wata muna cire kuɗin zuwa da dawowar mutum biyu mu ajiye, ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Ɗayan hayar baɗi. Ita ma a dunƙule za a nema, kuma da wuya a bar ta yadda take. Tun albashin farko da ya shigo muna Kubwa muka raba hayar gida 12, muka ɗora wani abu a kai saboda ƙari, ana turawa wani asusu daban wanda ba mu karɓi katinsa ba. Takardar sabunta haya ta zo kafin shekara ta cika, da ƙari a cikinta. Maigida ya je da wani dattijo na masallacinmu suka samu lauyan, aka rage wani abu, sauran aka biya daga asusun.